Kwallin Gida

Liverpool, Sydney
Fabrairu 1997

Fua, gwaggona, da me kike haɗa kwallin nan da kike sa wa jarirai?

Yi haƙuri, na fara da tambaya ban gaishe ki ba. Ram Ram, Fua, na taɓa ƙafafunki. Yaya gwiwar taki, har yanzu tana hana ki hawa tudun rijiya? Yaya rake? Ki gaishe da kowa a Wainikoro, har da karen nan mai ido ɗaya in yana raye. Mu nan lafiya lau. Matata Anjila tana lafiya, sai gajiya. 'Yarmu Kirti ta shiga wata biyar, ta fara juyawa da kanta.

Ba ni da wadda zan tambaya sai ke. Baba yayanki ne, amma tun da mahaifiyata Amma ta rasu ke ce uwata, kuma a gabana kika sa wa jariran layinmu kaf kwalli, sai dai ban taɓa kula da yadda kike yin sa ba. Na ɗauka abin mata ne. Ga shi yanzu ni ne matar gidan. Anjila tana fita gidan tsofaffin da take aiki tun da sassafe, sai yamma, wani lokacin ta haɗa aiki biyu. Ni ban samu komai ba tukuna. Duk inda na je sai a miƙo mini takarda in cika, kin kuwa san inda na tsaya, aji uku. Saboda haka ni ke yi wa yarinya wanka, ni ke haɗa madara, ni ke murza roti, gurasarmu.

Abin da ya sa nake tambaya, mutanen nan ba su san ana kame baki a kan jariri ba. Shekaranjiya a tashar jirgin ƙasa wata tsohuwar Baturiya ta leƙa cikin keken Kirti, ta ce ba ta taɓa ganin idanu masu kyau irin waɗannan ba. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta kira ƙawarta ita ma ta zo ta faɗa. Ko yawu ba su tofar ba. Muna komawa gida yarinya ta ƙi madara, ta yi ta kuka har muryarta ta dushe.

Na ce wa Anjila baki ne ya kama ta. Ta ce, "Sannu Pandit, babban malami, yaushe ka buɗe wurin duba? Haƙori ne zai fito."

Na ce, "To ke da kike sa kwalli kullum fa?"

Ta ce, "Nawa na kwalliya ne, ba na tsoro ba. Ka kuskura ka sa wa 'yata baƙi a ido, da hannuna zan sa ka a jirgin Nadi ka koma Fiji, kai da akwatinka mai igiya."

Tana dariya ta faɗa, amma kin san dariyar Anjila.

Ita nata iri-iri ne a gaban madubi, na fensir, na kwalba, ban san wanne ne wanne ba. Na ɗauki ɗaya na sunsuna, ba ya ƙanshin komai. Naki yana ƙanshin fitila, har yanzu ina jin sa a hancina.

Fua, idon yarinyar nan a buɗe yake ga kowa, ba abin da ya tsare shi. Ki rubuto mini da manyan baƙaƙe.

Ɗanki,
Salesh

*

Wainikoro, Labasa
Maris 1997

Salesh, beta,

Ubangiji ya raya ka, ɗana. Na samu wasiƙarka a kantin bakin hanya, na karanta ta a tsaye har mai kanti ya ce in zauna kada in faɗi masa a kan buhun gari. Gwiwa tana nan, ita da ni ba mai sakin wani. Rake ya yi kyau in ruwa bai yi yawa ba. Kare ya mutu tun bara, ka daina gaishe shi.

Wato kai ne mai murza roti yanzu. Ina tausayin matarka.

Ga yadda ake yi, ka karanta a hankali, kada ka tsallake layi kamar yadda ka saba. Ka samu 'yar fitilar ƙasa irin ta addu'a, ka zuba man shanu mai kyau, ka murza lagwani da auduga sabuwa. Ka kunna. Ka kifa farantin tagulla a sama, ka ɗora shi a kan kofi biyu yadda harshen wutar zai riƙa lasar sa. Ka bar shi sai man ya ƙare. Baƙin da ya taru ka kankare da cokali, ka kwaɓa da ɗigon man shanu, ka zuba a ƙaramin gwangwani. Shi ne kajal. Da ɗan ƙaramin yatsanka za ka sa, bayan ka wanke shi ka yanke farce. Ka ja fatar ido ta ƙasa kaɗan, ka shafa sau ɗaya, kada ka koma. Sai ɗigo guda a bayan kunne, inda mai mugun ido ba zai san da shi ba.

Abu ɗaya zan ja maka kunne. Na gida za ka sa mata. Na gida kawai. Kada ka sa mata na mutanen can.

Batun Anjila kuwa, ta yi karatu, na sani, amma ita ma da baƙin ido ta girma. Na gan ta a hannun uwarta a kasuwar Labasa, idanu kamar na mujiya. Kada ku yi faɗa a kan wannan. Mace mai ciyar da gida ba a tada mata hankali. Ka sa bayan ta fita, ka goge kafin ta dawo. Mu ma haka muka yi da surukanmu a kan abubuwa da yawa, ba wanda ya mutu.

Ka ci abinci. A hoton da ka aiko wuyanka kamar na zakaran da aka fige.

Fuarka,
Sumintra

*

Liverpool
Maris 1997

Ram Ram, Fua. Na taɓa ƙafafunki. Wasiƙarki ta zo, na gode. Na ji baƙin cikin kare. Muna lafiya, Kirti ta fara zama in an tokare ta da matashi.

Fua, na yi yadda kika ce, kuma na jawo abin kunya.

Na kunna fitila a kicin, na kifa faranti, baƙi ya fara taruwa gwanin kyau. Ashe akwai wani farin abu kamar faifai a jikin rufin ɗakin, ni na ɗauka fitila ce da ta lalace. Sai ya fara ihu. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, ko jiniyar injin rake ba ta kai ta ba. Na hau kujera na rufe shi da tawul, bai daina ba. Duk mutanen benen suka fito waje, wasu ba ko takalmi. Motar kashe gobara ta zo. Maza huɗu manya suka shigo da hulunan ƙarfe suka tarar da ni riƙe da faranti da cokali, yarinya tana tsala kuka. Ɗayansu ya tambaye ni me nake dafawa. Ban san sunan abin da Turanci ba, sai na nuna idona. Ya ɗauka hayaƙi ne ya shige mini, ya kai ni famfo ya wanke mini fuska kamar ƙaramin yaro.

Mai gidan ya aiko da gargaɗi. Anjila ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauki fitilar da ashana ta sa a jakarta ta aiki. Ta ce, "Addu'a ma daga yau a cikin zuciya za ka riƙa yi, Pandit." Na ce mata addu'a nake yi, ban ce kajal ba.

Da na ga wuta ta gagara, sai na tura keke zuwa babban kemis. Fua, bango guda na kwalli ne kaɗai. Wata yarinya mai aiki a wurin ta kama hannuna ta yi ta zana mini layi a baya. Wannan fensir ne, mai laushi, na masu koyo. Wannan na ruwa ne, da burushi siriri kamar gashin bakin mage, sai mai hannun da ba ya rawa. Wannan a gwangwani kamar man takalmi. Wannan ko an yi kuka ba ya fita. Akwai shuɗi, akwai kore, har da fari. Ta tambaye ni idon wadda zan saya wa zagaye ne ko dogo. Na ce na bebi ne. Ta yi dariya ta ce ina da kirki. Ashe a nan saurayi bebi yake ce wa budurwarsa. Da na nuna mata cikin keke sai dariyar ta ɗauke. Ta ce a'a, a'a, ko ɗaya, ta kwashe su daga gabana kamar zan gudu da su. Sai na tuna kin ce kada na mutanen can, na ga ashe su ma sun san nasu ba na jarirai ba ne.

Layin nan da ba ya fita ya ƙi fita. Anjila ta gani da muna cin abinci. Ta ce, "Wace ce ta yi maka zane?" Na ce alƙalami ne. Ta ce, "Alƙalami mai suna wa?" Har yau ba ta bar maganar ba.

Jiya ma wata mata a bas ta yaba idon Kirti. Na juya keken ya kalli bango. Fua, ki faɗa mini yadda zan yi, ko ki haɗa ki aiko.

Salesh

*

Liverpool
Mayu 1997

Ram Ram, Fua. Na taɓa ƙafafunki. Shiru ban ji daga gare ki ba. An ce guguwa ta yi ɓarna a wajenmu, wani mutumin Labasa da na haɗu da shi ya ce gadar hanyarmu ta tafi. Kina lafiya? Rufin ɗaki fa? Kullum sai na duba akwatin wasiƙu, ba komai sai takardun talla.

Amma ki kwantar da hankalinki a kan batun nan, na warware shi da kaina, kuma ke kika ba ni amsar ban lura ba. Na sake karanta wasiƙarki, na bi layi-layi da yatsa. Kin ce na gida. Na ce ashe ni wawa ne, me ya kai ni kemis ɗin Turawa alhali ga kantunan mutanenmu a layin masu sayar da sari, zanen matanmu?

Na shiga wani kanti da ake sayar da garin yaji da turaren wuta. Mai kantin ya yi mini magana da harshenmu, har ƙwalla ta zo mini. Na ce ina neman kwalli na gida. Ya ce, "Bhaiya, ɗan'uwana, ka zo wurin." Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fito da wata 'yar kwalbar tagulla mai dogon wuya, da tsinkenta a ciki. Ya ce, "Wannan surma ce. Daga Indiya ta zo, gida na ainihi, ba ma Fiji ba. Kakana da ita ya kai shekara casa'in yana zura zare a allura." Na ce ta jariri ce. Ya ce, "To ai ta fi yi wa jariri, idonsa sabo ne."

Ba baƙi wuluk ba ce kamar taki. Toka-toka ce, tana ƙyalli kamar ɓawon kifi, kuma gari ce, ba a kwaɓa ta. Na fara gwadawa a idona, ta yi sanyi mai daɗi. Ba na amfani da tsinken, ina tsoron tsokane wa Kirti ido. Da ɗan yatsa nake sawa kamar yadda kika koya mini, in ja fatar ƙasa, in shafa sau ɗaya. Yanzu ko tana motsi ina iyawa. Sai ɗigo a bayan kunne.

Ki ga kyan da take yi, Fua. Ita ce ke sak a hoton bikinki. Takan murza ido ta sa hannu a baki, sai ki ga bakinta baƙi kamar ta saci gawayi. Kafin Anjila ta dawo nakan goge tas da auduga da man kwakwa, in yi mata wanka. Kwalbar tana cikin gwangwanin shinkafa, Anjila ba ta dafa shinkafa. Rannan ta ɗaga kwalbar man kwakwa ta ce, "Wa ke shan man nan a gidan nan?" Na ce gashina ne. Ta ce, "Wannan gashin da ko akuya ba za ta ci ba?"

Yanzu kowa ya yaba, ba na juya keke. Kukan ma ya ragu, ta fi son kwanciya. Tun da na zo ƙasar nan wannan ne abu na farko da na yi daidai ba tare da an nuna mini ba.

Salesh

*

Liverpool
Agusta 1997

Ram Ram, Fua. Na taɓa ƙafafunki. Wannan ta uku ke nan ba amsa. In na yi miki laifi ki faɗa. In ba ki da lafiya ki sa wani ya rubuto ko layi ɗaya ne.

Mu nan ba lafiya. Kirti ta rame. Ba ta son abinci, abin da ta ci sai ta amayar, bayan gida sai ta yi kwanaki ba ta yi ba, in ya zo kuma da kuka. Leɓenta ya yi fari. Da tana kama kujera ta miƙe, yanzu ta daina. Ina kiran sunanta, wani lokacin ta juyo, wani lokacin ta yi kamar ba ita ba.

Anjila ta ce sanyi ne, ta ce madara ce, an canza madara. Ni na san wadda ta yi mana. Akwai wata mata a benenmu da ba ta taɓa haihuwa ba, kullum sai ta tsaya ta taɓa kumatun yarinyar. Tun da na gane haka na ƙara. Yanzu sau biyu nake sawa, da safe da kuma bayan barcin rana, kuma na ƙara kauri. Kwalbar farko ta ƙare, na sayo ta biyu. Amma kamar bakin ya fi ƙarfin kwallin. Akwai wani abu da ake haɗawa da shi? Barkono da gishiri da kike zagaya kai da su ki jefa a wuta, ba halin wuta a nan, kin sani.

Jiya Anjila ta ɗauki hutu ta kai ta asibiti, aka ɗebi jini a hannunta. Na yi mata wanka sosai kafin su tafi. An ce a jira sakamako.

Anjila ta daina tsokanata. Ba ta ce mini Pandit tun makon jiya. Takan zauna bakin gado da kayan aiki a jikinta tana kallon yarinyar. Ta ce mini, "Salesh, ni ke wanke iyayen wasu, tawa 'yar ban san me ke cin ta ba." Na so in faɗa mata ta kwantar da hankali, akwai abin da nake yi a kai, sai na tuna kin ce kada a tada mata hankali.

Ki rubuto, Fua.

Salesh

*

Seaqaqa
Agusta 1997

Salesh, beta,

Ubangiji ya tsare ku. Ina raye. Guguwa ta ɗauke rufin ɗakina, gwiwa ta kumbura, aka kawo ni nan wurin 'yata tun watan huɗu. Wasiƙunka biyu suna kwance a kantin bakin hanya duk wannan lokaci, sai jiya direban motar rake ya kawo mini su a haɗe. Ta farko ta sa ni dariya har na ƙware. Ta biyu ban yi dariya ba.

Beta, da na ce na gida, wanda hannunka ya yi a cikin gidanka nake nufi. Ba gidan kakanni ba. Ni me na sani game da Indiya, ko uwata ba ta taɓa ganin ta ba. Kajal hayaƙi ne da mai. Surma dutse ce ake niƙawa. Ta tsofaffin maza ce, masu hazo a ido. Ban taɓa sa wa jariri ita ba, uwata ba ta taɓa ba. Takan ce ta yi wa yaro nauyi. Ban tambaye ta dalili ba, a lokacinmu ba a tambaya.

Wataƙila ba komai. Wasu gidajen suna sawa, na sani. Amma ka daina ranar da wannan ta same ka. Ka zubar da ita a inda yarinya ba za ta kai ba.

Laifina ne, na rubuta maka kamar kana zaune kusa da ni a kicin kana ganin abin da hannuna ke nunawa. Kuma ka faɗa wa Anjila. Na ce ka ɓoye ne don na san abin da ke cikin nawa. Wannan ban san shi ba.

Jiya na kunna fitila na haɗa mata da kaina, da man saniyar gidan nan. Yana cikin ƙaramin gwangwanin da na naɗe a tsumma. Ka sumbace mini ita a ka.

Fuarka,
Sumintra

*

Sydney
Satumba 1997

Ram Ram, Fua. Na taɓa ƙafafunki. Na ji daɗi kina raye. Wasiƙarki da gwangwani sun zo ranar Talata. Kirti tana asibitin yara tun kafin nan. A kan bencin waje nake rubuta wannan, ki yi haƙuri da rubutun.

Sakamakon jini ya nuna dalma. Irin wadda muke ɗaurawa a zaren kamun kifi don ya nitse, ita ce a cikin jinin yarinyar, da yawa. Aka kwantar da ita ranar. Washegari mutum biyu suka zo gida da tafinta, wata mata 'yar Suva, ta ƙasarmu. Suka kankare fentin taga, suka ɗebi ruwan famfo, suka ɗebi ƙasar tukunyar fure, suka kwashe kayan wasanta. Ni na riƙa taya su. Ni na riƙe musu tsani. Ko sau ɗaya gwangwanin shinkafa bai zo mini a rai ba, Fua. Ta yaya zai zo? Shi ne maganin.

Suka dawo suka ce ba su samu komai ba. Anjila tana zaune, ta zo ɗaukar kaya. Sai tafintar ta ce, "Beta, akwai wani abu na gida da kuke ba ta? Magani, ko gari, ko wani abu da aka kawo daga gida?"

Da na ji kalmar nan, gida, sai na tashi na tona shinkafa na kawo. Ɗaya daga cikin mutum biyun, Bature, bai ko buɗe ba, ya sa safar hannu ya jefa ta a leda. Ya ce ya sha ganin irinta. Ya ce ba ta ido ta fi shiga ba, ta hannu ce, in yaro ya murza ya tsotsa. Ni da nake dariya bakinta ya yi baƙi.

Anjila ta dubi ledar, ta dube ni.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun watan Mayu."

"Kullum?"

"Kullum. Da ta fara ciwo, sau biyu."

Can ta ce, "Man kwakwa." Sai ta ce, "Ka iya wanka, Salesh. Ko ɗigo ban taɓa gani ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ɗaki ta kwashe nata duka na gaban madubi, na fensir da na kwalba, ta zuba a kwandon shara, ta ɗauki jaka ta fita. Tana kwana a asibiti, in ta fito gidan yayanta take zuwa. Shi ya kira ni ya ce in riƙa zuwa da rana, lokacin da ta tafi wanka. Ya ce maganar aure sai yarinya ta fito. Ya ce wasu ma'aikata za su zo su yi mini tambayoyi, su ga ko za a sake barin ta a hannuna. Ban ce musu ke kika ce in ɓoye ba, ba kuma zan ce ba. Ke kin ce kada in tsallake layi. Ban tsallake ba, na bi da yatsa, amma kan da ya karanta nawa ne.

Na koma kantin. Mutumin ya ce bai taɓa ganina ba, da Turanci ya faɗa.

Ana ba ta wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wai yana jawo dalmar ta fita ta fitsari. Ta fara cin ayaba. Likita ya ce ba za ta mutu ba. Na kama hannunsa zan sa a goshina, sai ya ce in tsaya tukuna. Ya ce ta cikin jini za a iya fitarwa, amma abin da ta riga ta taɓa a kai ba a iya gani yanzu. Sai ta shiga makaranta za a sani. Wasu yaran ba abin da ke samun su. Wasu karatu ba ya zama musu, a faɗa musu abu yanzu, an jima ya zube.

Na ce wa tafinta ba sai ta ƙara bayani ba. Na san wannan yaron, ni ne. Na san bencin da yake zama a bayan aji, na san sunan da ake kiran sa. Anjila ta baro kowa nata, tana wanke kashin tsofaffi, don 'yarta ta zauna a layin gaba. Ni abu ɗaya aka bar mini in yi, in tsare ta zuwa yamma.

Gwangwaninki yana aljihuna. Na buɗe, yana ƙanshin fitila, yana ƙanshin kicin ɗinki. Na nuna wa tafintar, ta ce in ɓoye, in aka gan ni da wani baƙin abu kusa da yarinyar ba za a sake barina in shiga ba, ko da na hayaƙi ne.

Jiya ina zaune gefen gadon wata nas ta zo canza ruwa. Ta leƙa ta ce kai, ku ga idanun yarinyar nan. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta kira 'yar'uwarta. Hannuna ya tafi aljihu da kansa. Na riƙe gwangwanin har ya yi zafi a tafina, ban fito da shi ba. Na ce musu na gode. Kirti tana kwance tana kallon rufi, idanunta fari tas, ba abin da ya tsare su. Na kira sunanta. Na sake kira. A na biyun ta juyo, ko kuwa ƙarar keken magani ta ji, ban sani ba.

Kada ki sake aiko da komai, Fua. In kin kunna fitila ki ambaci sunanta, nan ba a kunnawa.

Ga Anjila can ta fito da jakarta, ta bi ta ɗaya ƙofar. Lokacina ya yi, kuma ba shi da yawa. Dole in tafi yanzu.

Salesh